Takardun da Sabon Zuwa Amurka Zai Riƙe Domin Karɓar Lambar SSN

Duk wanda ya samu bizar zama, ko ta karatu, ko ta aiki a Amurka, cikin abubuwan farko da za su tare shi bayan ya sauka akwai neman lambar da gwamnatin ƙasar take ba kowane ma'aikaci, wadda ake taƙaita sunanta da SSN, mutanenmu da ke zaune a can kuma suna ce mata soshiyal kawai. Lamba ce mai alƙaluma 9, ana rubuta ta kashi uku: uku a farko, biyu a tsakiya, huɗu a ƙarshe. An fara bayar da ita a 1936, shekara guda bayan Shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar fansho ta 1935, kuma asalin manufarta a riƙa lissafa abin da kowane ma'aikaci ya samu domin a san haƙƙinsa idan ya tsufa. Yau amfaninta ya zarce haka nesa ba kusa ba, domin wurin aiki zai neme ta saboda albashi da haraji, banki zai tambaye ta, mai gidan haya zai so ya duba tarihin bashin mutum da ita, haka ma ofishin lasin tuƙi. Hukumar da ke bayar da ita, wato SSA, ba ta karɓar ko sisi, walau kuɗin fom ko kuɗin kati.

A Zariya masu irin wannan tafiya ba ɓoyayyu ba ne: malaman Jami'ar Ahmadu Bello da ke zuwa ƙaro karatu ko bincike, likitoci da ma'aikatan jinya, ɗalibai, da matan da mazajensu suka nema musu takardar zama. Maganar samun biza daban ce, ƙa'idojinta kuma suna ta sauyawa a 'yan shekarun nan, saboda haka wannan bayani na wanda bizarsa ta riga ta fito ne ko take kan hanya. Babban abin da ya kamata irin wannan mutum ya gane shi ne, rabin aikin lambar a nan gida ake yin sa, tun kafin a ɗaure kaya. Takardar da za a gyara cikin mako guda tsakanin Samaru da Kaduna, idan aka tsallaka teku sai ta ci watanni, ana ta roƙon ƙane ko aboki ya je ofis a madadin mutum.

Abin da hukumar take so ta gani

Abubuwa uku ne ma'aikacin SSA zai tabbatar kafin ya karɓi buƙata: shekarun mai nema, cewa shi ɗin ne da gaske, da kuma cewa yana zaune a ƙasar bisa ƙa'ida da izinin yin aiki. Takarda ɗaya tana iya cike gurbi biyu, kamar fasfo da ke nuna fuska da ranar haihuwa a lokaci guda, amma dole ne a gabatar da aƙalla takardu biyu mabambanta. Dole ne kuma su kasance na asali, ko kwafin da ita kanta hukumar da ta bayar da takardar ta tabbatar da shi. Fotokwafi ba ya shiga, ko da kuwa lauya ya buga masa hatimi, kuma takardar da wa'adinta ya ƙare ba ta da amfani wajen shaidar mutum. Wannan ya saɓa wa al'adarmu ta nan, inda mutum ke ɓoye asalin takarda a ƙasan akwati yana yawo da kwafi cikin fayil. A can asalin ake miƙawa, ma'aikaci ya duba ya mayar wa mai shi.

Game da shekaru, ƙa'idar hukumar ita ce a kawo takardar haihuwa ta ƙasar da aka haifi mutum idan tana hannunsa, ko idan zai iya samo ta cikin kwanakin aiki 10. Idan babu hali, tana iya karɓar fasfo ko wata takardar shige da fice ta Amurka. Da yawa suna wucewa da fasfo kaɗai, amma wanda ya riƙe takardar haihuwarsa ya rufe ƙofar dogon bayani, kuma zai sake buƙatar ta a wasu wuraren.

Abin da za a gyara tun a gida

Tun bayan dokar 1992, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke da alhakin rajistar haihuwa a Najeriya. Katin da asibiti ke bayarwa ranar sallamar mai jego, ko takardar allurar rigakafi, ba su ne takardar haihuwa ba, ko da yake suna taimakawa wajen samun ta. Babban mutum da ba a taɓa yi masa rajista ba yakan fara da takardar rantsuwa a kotu, inda mahaifi ko wani babba a dangi zai shaida ranar da aka haife shi, sannan ya kai ta ofishin hukumar ƙidaya a ba shi takardar shaidar haihuwa. Wanda ya nemi bizar zama ya riga ya bi wannan hanya, tunda ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas yana neman takardar wajen ganawa. Ɗalibi da mai bincike su ne suka fi mantawa da ita, saboda ba a cika tambayar su ita ranar ganawar biza ba.

Daga nan sai maganar suna, wadda a ganina ita ce ta fi cutar da mutanenmu. A ɗauki mutum ɗaya da aka rubuta wa Muhammad a takardar haihuwa, Mohammed a sakamakon jarrabawar sakandare, Muhammed a fasfo. A takarda ta farko sunan mahaifinsa ne a ƙarshe, a ta biyu malamin firamare ya laƙaba masa sunan unguwa ko na gari, a ta uku kuma sunan kaka ya shigo. A wurinmu duk mutum ɗaya ne, ba wanda zai ɗaga gira. Ita kuwa hukumar SSA tana tura bayanan mai nema cikin na'ura zuwa rumbun ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka, kuma na'ura harafi take dubawa, ba ta san asali ba. Idan abin da aka cike a fom bai dace da abin da ke cikin takardar shige da fice ba, sai buƙatar ta koma hannun ma'aikaci ya bincika da kansa, jiran mako biyu ya zama na makonni da dama.

Maganin wannan shi ne a ɗauki shafin bayanai na fasfo a matsayin uwa, kowace takarda ta bi shi harafi da harafi. Tunda yanzu ba a yin fasfon Najeriya sai da lambar NIN, kuma sai bayanan biyun sun dace, wanda ke da gyara ya fara da hukumar NIMC, sannan fasfo, sannan ya cike takardun biza, domin tun ran gini ran zane. A lura da wane suna ne ke gurbin sunan dangi da wanda ke gurbin sunan yanka, kada a juya su a fom ɗin makaranta ko na wurin aiki. Idan aka bar ɗaya daga cikin gurbin biyu babu komai a fasfo, ofishin jakadanci yakan cike gurbin sunan farko da haruffan FNU, masu nufin ba a san sunan ba, kuma waɗannan haruffa suna iya bin mutum har takardun da za su biyo baya. Ranar da aka karɓo fasfo da biza a ciki, kafin a fara kiran 'yan uwa ana taya murna, a zauna a karanta suna da ranar haihuwa da kyau, domin idan kuskure daga ofishin jakadanci ne, gyaransa ya fi sauƙi tun mutum yana Najeriya.

Ranar haihuwa ma tana da nata tarko. Amurkawa wata suke fara rubutawa, sannan rana, sannan shekara. Wanda aka haifa ranar 3 ga Afrilu 1990 ya saba rubuta 03/04/1990, amma a fom ɗinsu wannan na nufin 4 ga Maris, kuma daidai shi ne 04/03/1990. Wanda ranarsa ta wuce 12 ga wata zai gane kuskuren nan take tunda babu wata na 13, amma wanda ranarsa ta faɗo tsakanin 1 da 12 zai iya miƙa fom bai sani ba. Wanda kuma aka yi wa ƙiyasin shekaru tun yana yaro, ko da daga baya wata gwaggo ta tuna ainihin ranar, ya riƙe wadda ke cikin fasfo kada ya sauya.

Akwai wata tambaya da ke sa Bahaushe ya yi turus, ita ce ta sunan mahaifiya. Fom ɗin hukumar, mai lamba SS-5, yana neman sunan uwa kamar yadda yake lokacin da aka haife ta, wato sunanta na yanka haɗe da na gidan mahaifinta, ba na mijinta ba. Yaron da ya tashi yana cewa Inna ko Umma ko Hajiya, ya ji maƙwabta suna kiran ta da sunan ɗanta na fari ko da wani laƙabi, yana iya kai shekara talatin bai taɓa furta sunan da bakinsa ba, balle ya san yadda aka rubuta shi a takarda. Kunya ba za ta cike fom ba. Kafin tafiya a samu kawu ko yaya a tambaye shi, a duba yadda sunan yake a takardar haihuwa da kuma yadda aka cike shi a fom ɗin biza, a rubuta shi a ajiye, domin amsar da aka bayar a Legas ita ya kamata a sake bayarwa a can. Fom ɗin yana tambayar lambar SSN ta iyaye ma, amma akwai gurbin da za a nuna ba a sani ba, kuma iyayen da ba su taɓa zama a Amurka ba dama ba su da ita.

Matar aure za a buga mata kati ne da sunan da ke cikin takardarta ta shige da fice. Idan fasfonta na ɗauke da sunan mahaifinta, kamar yadda aka saba a ƙasar Hausa, babu abin da ya tilasta mata sauyawa, kuma barin sa haka ya fi sauƙi. Duk da haka ta riƙe takardar shaidar aure ta asali, tunda auren da aka ɗaura a ƙofar gida gaban shaidu, komai ingancinsa a addini, ofis ba ya ganin sa sai a takarda.

Sai gargaɗi kan leda. Mun saba da zarar an karɓo takarda mai muhimmanci sai a wuce shagon kwamfuta a manne ta cikin leda mai zafi saboda damina da gara. Sabuwar takardar da za ta tafi waje gara a bar ta yadda take a sa ta cikin fayil, domin ma'aikaci yakan so ya taɓa hatimi ya duba takardar da kanta. Dukkan takardun nan kuma a jakar hannu ake sa su, ba a cikin akwatin da za a auna ba, tunda akwati yana iya kwana a wani filin jirgin ya bar mai shi.

Kowace biza da nata takardun

Wanda ya shiga da bizar zama na dindindin shi ya fi kowa sauƙi. A cikin fom ɗin neman biza na DS-260 da ya cike ta intanet akwai tambayar ko yana so hukumar SSA ta ba shi lamba da kati, da wata tambayar ko ya yarda a miƙa mata bayanansa. Idan ya amsa e ga duka biyun, ba sai ya je ofis ba, katin zai iso ta gidan waya, galibi cikin makonni uku da shigarsa, a adireshin da ya bayar domin aiko masa da katin zama, wanda aka fi sani da girin kad. Saboda haka adireshin nan ba abin wasa ba ne. Idan mai masauki ya tashi daga gidan bayan ganawar biza, a gaya wa jami'in da ke karɓar baƙi a filin jirgi sabon adireshi tun a nan. Yana da kyau kuma mai masauki ya ƙara sunan baƙon a jikin akwatin wasiƙu, domin a wasu gidajen haya mai raba wasiƙa yakan mayar da ambulan da bai ga sunan mai shi ba.

Idan makonni ukun suka wuce shiru, ko kuma dama ba a amsa e ba, sai a nufi ofis da fasfo da takardar haihuwa. Ba sai an jira girin kad ya iso ba, domin bizar da ke manne a fasfo, da zarar jami'i ya buga mata hatimin shiga, tana tsayawa a matsayin katin zama na wucin gadi har shekara guda. Shi girin kad ɗin yana iya ɗaukar kwana 90, kuma hukumar shige da fice ta Amurka, wato USCIS, ba za ta buga shi ba sai an biya kuɗin sabon mazauni ta intanet, wanda ya koma dala 235 daga Afrilun 2024. Wannan kuɗin na girin kad ne, ba shi da alaƙa da lambar SSN.

Ɗalibi mai bizar F-1 lamarinsa ya fi tsauri, kuma a nan ne ake yawan samun rashin fahimta. Shiga jami'a kaɗai ba ya ba shi damar karɓar lamba, sai ya samu aikin da doka ta yarda masa, wanda yawanci aikin cikin makaranta ne, kamar taimaka wa farfesa a koyarwa ko bincike, ko aiki a ɗakin karatu, kuma bai wuce awa 20 a mako ba lokacin da ake karatu. Zai riƙe fasfo, da fom ɗin I-20 da makaranta ta ba shi, da takardar I-94 mai nuna ranar shigarsa da matsayinsa. Tun 2013 ba a cika bayar da I-94 a hannu a filin jirgi ba, mutum ne zai shiga shafin hukumar kwastam da tsaron iyakoki, wato CBP, ya sa bayanan fasfonsa ya buga ta. Bayan waɗannan akwai wasiƙu biyu. Ta farko daga jami'in ofishin ɗaliban ƙasashen waje, mai tabbatar da cewa shi ɗalibi ne tare da faɗin inda zai yi aiki da irin aikin. Ta biyu daga wurin aikin, mai bayyana aikin, da ranar farawa, da yawan awoyi, da sunan shugabansa da lambar wayarsa, da sa hannu da kwanan wata. Idan ranar fara aikin ta wuce kwana 30 daga ranar da aka je nema, hukumar ba za ta karɓi buƙatar ba. Kada kuma ɗalibi ya tafi kafin makarantarsa ta shigar da isowarsa cikin rumbun bayanan ɗaliban ƙasashen waje na gwamnati, wato SEVIS, gara ya bar kwana biyu bayan an shigar.

Malamin jami'a da ya je bincike ko koyarwa, da likitan da ya je samun horo, galibi bizar J-1 suke riƙe da ita, kuma takardarsu ita ce DS-2019, tare da fasfo da I-94. Farfesa da mai bincike izinin aikinsu yana cikin matsayin nasu, amma ɗalibin da ke kan J-1 sai ya haɗa da wasiƙar masu ɗaukar nauyinsa, a kan takardarsu mai tambari, da sa hannu na asali, mai nuna sun yarda ya yi aiki. Wanda kamfani ko asibiti ya ɗauka da bizar aiki irin H-1B, fasfo da I-94 su ne ginshiƙi, amma ya riƙe takardar amincewa ta I-797 kusa. Duk wanda kuma USCIS ta ba katin izinin aiki mai lamba I-766, shi zai gabatar.

Iyalin da suka bi mutum nasu ya danganta da irin bizar. Mata da 'ya'yan mai zaman dindindin kowa yana da haƙƙin lambarsa, har jariri, kuma ana buƙatar lambar yara wajen cike haraji. Matar ɗalibi, wadda bizarta F-2 ce, ba ta da izinin aiki, don haka ba za a ba ta ba. Matar mai J-1 tana iya neman katin izinin aiki daga USCIS, idan ya fito sai ta nemi lamba. Mai bizar ziyara ba ya cikin lissafi sam. Wanda bai cancanci SSN ba amma yana da hulɗa da haraji, hukumar haraji ta IRS tana ba shi wata lamba daban mai suna ITIN ta hanyar fom ɗin W-7, ita ma alƙaluma 9 ce kuma da 9 take farawa, sai dai ba ta halatta aiki ba. Idan ofishin lasin tuƙi ya nace sai an kawo SSN, ana iya zuwa SSA a karɓi wasiƙar da ke shaida cewa mutum bai cancanta ba, jihohi da dama suna karɓar ta.

Ranar zuwa ofis

Shawarar hukumar ita ce a bari a yi kwana 10 da sauka kafin a je, domin bayanan shiga su isa rumbun da take dubawa. Mai gaggawar da ya je washegari yakan ƙare da jira fiye da wanda ya yi haƙuri. Ana iya fara cike buƙata a shafin ssa.gov, sannan a kai takardun asali ofis cikin kwana 45, ko kuma a buga SS-5 a cike da hannu. Tun farkon 2025 hukumar ta fi son a ɗauki ranar ganawa tukuna, ta intanet ko ta waya, maimakon a faɗo kawai. A wasu manyan birane irin su Niyok akwai cibiyoyi na musamman da ke harkar kati kaɗai, don haka a sa lambar yankin gidan waya a shafin a ga ofishin da ya dace. Duk wanda ya kai shekara 12 kuma bai taɓa samun lamba ba sai ya bayyana da kansa, miji ba zai je a madadin matarsa ba. Wadda Turancinta bai nuna ba tana da damar neman tafinta kyauta.

Ofishin kansa ba wani abin tsoro ba ne. Akwai mai gadi a ƙofa, akwai na'urar da ake danna dalilin zuwa ta fito da 'yar takarda mai lamba, sai a zauna har a kira lambar zuwa wata taga. Ma'aikaci zai karɓi takardu, ya yi 'yan tambayoyi, sannan ya nuna wa mutum abin da ya shigar domin ya tabbatar. A nan ne ake natsuwa a bi suna harafi bayan harafi, a duba wata da rana, a duba lambar ɗaki a adireshi, ko da kuwa layi ya yi tsawo a baya.

Tambayoyi biyu suna buƙatar kulawa ta musamman. Ta farko ita ce ta matsayin ɗan ƙasa, inda akwai gurbin ɗan Amurka da gurbin baƙon da ke da izinin aiki. Mai girin kad ba ɗan ƙasa ba ne, gurbi na biyu ne nasa. Da'awar zama ɗan Amurka bisa ƙarya laifi ne da dokar shige da fice ta ɗauka da matuƙar nauyi, yana iya kai wa ga kora da hana dawowa, saboda haka ba wurin da za a yi sakaci da biro ba ne. Ta biyu ita ce ko mutum ya taɓa samun lamba a baya. Lamba ɗaya ake ba mutum har ƙarshen rayuwarsa. Dattijon da ya yi digiri a can shekarun 1970 ko 1980 ya dawo Samaru ya koyar har ya yi ritaya, idan 'ya'yansa suka ɗauke shi yanzu, tsohuwar lambarsa tana nan, kati kawai zai sake nema, ko da ya manta ta.

Kafin a bar tagar a nemi rasit mai nuna an shigar da buƙata. Doka ba ta hana mai izinin aiki fara aiki kafin lambarsa ta fito ba, kuma wannan rasit ne zai nuna wa ofishin ma'aikata, ya kai musu lambar daga baya. Idan na'ura ta tabbatar da takardu nan take, katin yakan iso cikin kamar mako biyu.

Bayan kati ya iso

Abin da zai zo ɗan kati ne na takarda mai launin shuɗi, manne a jikin wata takarda babba, ba hoto a jikinsa, suna ne kawai da lamba da layin sa hannu. Na mai zaman dindindin ba shi da wani ƙarin rubutu, kamar na ɗan ƙasa. Na ɗalibi da mai bizar aiki yana ɗauke da rubutun da ke cewa yana aiki ne kawai tare da izinin ma'aikatar tsaron cikin gida, ma'ana katin shi kaɗai bai isa shaidar izinin aiki ba. Babba ya sa hannu, ya haddace lambar, ya adana katin tare da fasfo a gida. Hukumar da kanta ta ce kada a manne shi a leda, kuma kada a riƙa yawo da shi a walat. Idan ya ɓace ana sake bayarwa kyauta, amma sau uku kacal a shekara, sau goma a tsawon rayuwa.

Ɓacewar kati ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da faɗawar lambar hannun wani, domin da ita da suna da ranar haihuwa ana iya cin bashi da sunan mutum. Kada a ɗauki hoton katin a tura gida ta WhatsApp don a nuna an samu. Masu damfara sukan kira sababbin zuwa su ce daga hukumar suke, an dakatar da lamba, sai an biya tara ko a zo da 'yan sanda, alhali hukumar ba ta dakatar da lamba kuma ba ta neman kuɗi ta waya. Abin da ya fi wuyar ƙi shi ne roƙon ɗan uwa ko ɗan gari da ba shi da takarda, ya ce a ara masa lamba ya yi aiki na ɗan lokaci. Zumunci yana da ƙofofi da yawa, amma wannan laifi ne a kan su biyun, albashin da aka biya wancan kuma a kan mai lambar za a rubuta shi, hukumar haraji ta zo tana tambayar kuɗin da bai taɓa gani ba.

Wanda ya sauya gida yana da kwana 10 ya sanar da USCIS ta fom ɗin AR-11, ɗalibi kuma ya sanar da ofishin makarantarsa, idan katin bai riga ya iso ba a gaya wa SSA ita ma. Duk lokacin da matsayin zama ya sauya, kamar ɗalibin da ya samu girin kad ko mazaunin da ya zama ɗan ƙasa, sai a koma ofis da sabuwar takardar a gyara bayanai a karɓi katin da ba shi da wancan rubutu. Lambar ba ta sauyawa, kuma katin da aka sake saboda irin wannan gyara ba ya shiga lissafin goman nan.